Dattin masana'antu zai iya gyara garkar da dalma ta ɓata?

Tambayar ta fito daga wani mai garka a bakin Gulbin Maradi. Ya gaji wurin daga mahaifinsa, kuma shekara da shekaru ana zuba masa takin bola daga cikin gari. A kusurwar gabas wasu samari sun taɓa zama suna fasa tsofaffin baturan mota da na sola suna narka dalma. Yanzu sun tashi, amma wurin da suka zauna ko ciyawa ba ta fitowa da kyau. Ɗansa mai karatu a jami'a ya faɗa masa cewa a Turai ana zuba tokar kwal da kashin ƙarfe na masana'antu don a wanke irin wannan ƙasa, sai ga wani dillali ya yi masa tayin kawo masa mota guda da araha. Yana tambaya: in karɓa?

Ɗan'uwa, kada ka karɓi wannan mota tukuna. Abin da ɗanka ya faɗa maka gaskiya ne, ana yin wannan aiki kuma ya yi amfani a wurare da dama. Amma kalmar "wankewa" ita ce inda matsalar take, kuma a kanta nake so mu fara tsayawa, domin duk shawarar da zan ba ka daga nan take fitowa.

Dalma ba ta ruɓewa. Haka sauran ƙarafa masu guba irinta: kadmiyom, kurom da zaiba. Baƙin mai in ya zube a ƙasa, ƙananan halittun da ke cikinta suna cinye shi a hankali har ya ƙare. Ƙarfe kuwa babu abin da ke cinye shi. Dalmar da samarin nan suka bari, in ba a kwashe ta ba, jikokinka za su same ta a wurin. Saboda haka duk abin da za ka zuba, toka ce, ƙashi ne ko farar ƙasa, ba ya fitar da ko ƙwayar dalma ɗaya daga garkarka. Abin da yake yi shi ne ya ɗaure ta: ya hana ta narkewa cikin ruwa, ya hana saiwa shanta, ya hana ta gangarawa rijiya. In ka kai ƙasar ɗakin gwaji bayan an zuba, jimillar dalmar tana nan yadda take, sai dai wadda ke iya yawo ta ragu. Wannan riba ce babba, ban raina ta ba. Amma ɗaure akuya daban, sayar da ita daban. Wadda aka ɗaure, ranar da igiya ta tsinke tana komawa cikin shuka.

Ɗaurin nan hanyoyi uku ne zuwa huɗu. Na farko shi ne kashe tsamin ƙasa. Kowace uwargida ta san abin da kanwa ke yi wa miyar yakuwa. Ƙasa ma tana da tsami, ana auna shi da ma'aunin da ake kira pH: 7 shi ne tsaka-tsaki, abin da ya yi ƙasa da haka tsami ne. Dalma, kadmiyom da tutiya suna narkewa sosai cikin ƙasa mai tsami, suna lafawa in aka ɗaga ma'aunin zuwa wajen 6.5 ko 7. Tokar kwal, kashin ƙarfe na masana'antar ƙarafa, ƙurar tandun siminti, da farin dagwalon da ake fitarwa daga masana'antar sukari, duk babban aikinsu ke nan. Na biyu shi ne tsatsa. Tsatsar ƙarfe tana da fuska mai kama ƙarafa masu guba ta riƙe, shi ya sa ake amfani da garin baƙin ƙarfe da jan taɓon da ke saura in an tace ma'adinin alminiyom. Na uku fosfat ne, wanda ke cikin ƙashi da dutsen fosfat. Idan dalma ta haɗu da shi sai su zama wani ma'adini mai suna firomofait, wanda da ƙyar yake narkewa. Ga mai fama da dalma, wannan ita ce igiyar da ta fi ƙarfi. Sai kuma gawayi da ruɓaɓɓen taki, waɗanda suke kama wani ɓangare, su kuma ba ƙasa rai.

Bari in ba ka misalai, don ka ga ba labarin ɗalibai ba ne kawai. A watan Afrilun 1998 madatsar wata mahaƙar ma'adinai ta fashe a Aznalkoyar, kudancin Sifen, taɓo mai guba ya malale sama da hekta 4,000 a bakin kogin Guwadiyamar. Daga cikin abubuwan da aka zuba wa ƙasar har da farin dagwalon masana'antar sukari, kuma ya rage tsami, ciyayi da itatuwa suka dawo. A Lomel ta ƙasar Beljiyam, a 1990, an ɗauki hekta 3 na rairayin da masana'antar tutiya ta mayar fako, aka gauraya shi da wata toka ta ragowar mahaƙar kwal da kuma taki, ciyawa ta rufe wurin. A unguwar Oklan ta Yamma a Amurka, a 2011, hukumar kare muhalli ta gauraya niƙaƙƙen ƙashin kifi cikin ƙasar gidajen da dalma ta ɓata. Amma ka lura da abin da masu ba da labarin suke yawan tsallakewa. A Sifen sai da aka fara kwashe taɓon da motoci kafin a zuba komai, sannan hukuma ta sayi filayen ta hana noma a kansu, ta mayar da wurin dajin shaƙatawa. A Beljiyam ciyawa aka shuka, ba salati ba. Manufar ita ce a hana iska da ruwa ɗaukar gubar, ba a mayar da wurin garkar ganyen miya ba.

To yanzu mu dawo garkarka. Ni a ganina ba garka ɗaya gare ka ba, biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Kusurwar da aka fasa batura ita ce ke tayar mini da hankali, kuma ba don shuka ba, don yara. Fiye da rabin nauyin baturin mota dalma ce. In an fasa shi a ƙasa, ruwan asid ɗinsa yana zuba tare da wani toka-tokan gari na dalma, in an narka kuma hayaƙin yana sauka a kewaye kamar ƙura. Ƙasar da ba a ɓata ba yawanci dalmar cikinta ba ta wuce miligiram 10 zuwa 50 a kowane kilo. Amurkawa sun daɗe suna ɗaukar 400 a matsayin iyaka ga ƙasar gidajen zama, a 2024 suka sauko da shi zuwa 200. Wuraren fasa batura kuwa akan sami dubbai, har dubun-dubata. A Caroy, bakin teku kusa da Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 a unguwar da aka daɗe ana wannan sana'a, inda mutane suka riƙa tankaɗe ƙasar wurin a cikin gidajensu don tsintar dalma. Maƙwabtanmu na Zamfara kuwa ba sai na ba ka labari ba: a 2010 aka gano yara sama da 400 sun mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a tsakar gida.

Abin da ya kamata ka sani shi ne yadda aka gyara ƙauyukan nan. Ba toka aka zuba ba, ba kashin ƙarfe ba. Da fartanya da shebur aka kankare saman ƙasa, kamar santimita 5, aka zuba a buhuna aka kai rami na musamman aka binne, aka kawo ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa. Haka aka yi a Dareta da Abare da sauransu, haka aka yi a Bagega a 2013. Dalilin a fili yake. Yaro ba ta hanyar ganye dalma ta fi shigarsa ba, ta hannu ne zuwa baki. Yana rarrafe, yana tsotsar yatsa, yana cin ƙuli-ƙulin da ya faɗi ƙasa. Kuma cikin ɗan Adam yana da tsami mai tsanani, wanda ya fi na kowace ƙasar noma. Dalmar da toka ko farar ƙasa ta ɗaure, da ta isa ciki sai ta kwance. Wadda fosfat ya ɗaure ta fi jurewa, amma ita ma raguwa take yi, ba ɓacewa ba. Jikin ƙaramin yaro yana shan dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke sha, in yana da ƙarancin jini ko ba ya samun abinci mai kyau abin ya fi haka muni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Kuma cutar ba ta cika zuwa da alama ba. Yaro zai tashi lafiya a ido, amma ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, a lakwal a ce ba ya ganewa, a yi ta dukansa a kan laifin da ba nasa ba. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini zafi a duk maganar.

Don haka wannan kusurwa, tun yau ka kewaye ta da ƙaya ko darni, kada yaro ko dabba ta shiga. Shanu suna son lasar fasassun batura, kuma suna mutuwa daga haka. Kada a share wurin da tsintsiya a bushe. In za a taɓa, a yayyafa ruwa tukuna, a rufe hanci, a cire tufafi da takalma a wurin, a yi wanka kafin a shiga gida. Kada a ɗebi ƙasar a buga tubali ko a yi daɓe da ita. Abin da ya dace shi ne a kankare saman a kai inda ma'aikatar muhalli da ofishin magajin gari suka nuna, ba a zuba a gulbi ko a wata bolar ba. In hakan bai samu ba, a rufe wurin da laka mai kauri a daddale, ko a zuba masa kankare. Siminti yana riƙe dalma sosai, kuma a ƙasashen da suka ci gaba gauraya gurɓatacciyar ƙasa da siminti na cikin hanyoyin da aka fi bi. Sannan duk yaron da ya saba wasa a wurin, da ƴaƴan samarin da suka yi aikin, a kai su likita a faɗi tarihin a nemi a auna dalma a jininsu.

Sauran garkar, wadda takin bola ne kawai ya taɓa ta, a nan ne maganar ɗanka ke da wurin zama. Takin bola yana da amfani, shi ya sa amalanke ke ta jigilarsa. Amma bolar yau ba ta zamanin mahaifinka ba ce. Ban da toka da kashin awaki, akwai ƙananan baturan tocila da rediyo, fasassun wayoyi, gwangwanin fenti, ƙonannun tayu da robobi. Daga nan tutiya da jan ƙarfe da kadmiyom da dalma ke taruwa sannu a hankali. Kadmiyom shi na fi jin tsoro a garka, domin dalma galibi tana maƙalewa a saiwa, shi kuwa yana hawa har cikin ganye. Salati, alayyafo da dangoginsu suna jan sa sosai. In ya shiga jiki yana zama a ƙoda shekara goma zuwa talatin. A Japan, a yankin Toyama, manoman da suka ci shinkafar da aka shayar da ruwan kogin Jinzu sun yi fama da ciwon ƙoda da karyewar ƙashi saboda shi. Ƙa'idar abinci ta duniya ta sa iyakar kadmiyom a ganyen ci miligiram 0.2 a kilo, dalma kuma 0.3.

Kafin ka sa komai sai ka auna. Na san kuɗi ne, amma bai kai kuɗin motar dillali ba. Ka ɗebi ƙasa daga wurare goma zuwa goma sha biyar a garkar, daga sama zuwa zurfin taƙi guda, ka gauraya a bokitin roba, ka ɗebi rabin kilo a leda mai tsabta. Ta kusurwar batura a ɗebe ta daban, kada a haɗa. Ka ɗebi ruwan rijiyar ma, da ganyen da ka fi sayarwa. Muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a nan Maradi, muna da cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna. Ɗanka ya je ya sami malaman ilimin ƙasa su nuna masa inda za a auna. A nemi pH, dalma, kadmiyom, tutiya, jan ƙarfe, kurom da arsenik, wanda shi ma wata guba ce da ke zama a ƙasa. Mai yiwuwa sakamakon ya nuna garkar lafiya lau take, abin da take buƙata kawai a daina zuba mata bola ba tankaɗe.

Me ya sa na dage da sai an san ko wane ƙarfe ne? Domin maganin wani guba ne ga wani. Kashe tsami yana ɗaure dalma da kadmiyom, amma yana kwance arsenik. Fosfat ma haka: yana kama dalma, amma yana ture arsenik daga inda ya maƙale ya sake shi cikin ruwa, saboda su biyun kamanninsu ɗaya a wajen ƙasa. Inda arsenik yake, tsatsar ƙarfe ake nema. Kurom kuma fuska biyu gare shi. Mu nan garin jar akuya ne, fatarta ta yi suna har Turai, don haka maganar jima ba baƙuwa ba ce. Majeman gargajiya da bagaruwa suke aiki, ba ruwansu da kurom. Jima ta zamani ita ke amfani da gishirin kurom, wanda ke ba fata launin shuɗi-shuɗi. Wannan nau'in ba ya yawo sosai a ƙasa. Amma in aka ƙona guntayen fatar, musamman tare da farar ƙasa ko toka, yana iya rikiɗa zuwa ɗaya nau'in, mai narkewa a ruwa, mai jawo ciwon daji. Wanda ya zuba toka mai ƙarfi a kan irin wannan ƙasa ya ƙara buɗe masa hanya zuwa rijiya. A kwarin gulbi kuwa ruwa ba shi da nisa.

Sai kuma shi kansa dattin da za a kawo maka. Ba a banza masana'anta take neman rabuwa da shi ba. Tokar kwal takan zo da boron, da arsenik, da seleniyom, gwargwadon kwal ɗin da aka ƙona. Boron in ya yi yawa yana ƙona bakin ganye. Kashin ƙarfe yakan zo da kurom da banadiyom, wanda aka samu daga narka tarkacen ƙarafa kuwa babu mai sanin abin da ke ciki sai an auna, ƙurar bututun hayaƙinsu ma cike take da dalma da kadmiyom. Jan taɓon alminiyom yana da kaifi kamar soda. A watan Oktoban 2010 madatsarsa ta fashe kusa da Ajka a ƙasar Hangari, mutum 10 suka mutu, da yawa suka ƙone a jiki. Ragowar masana'antar takin fosfat kuma takan ɗauko kadmiyom da fulorayid. Mu mutanen wannan yanki ba ma buƙatar a yi mana bayanin fulorayid, mun ga abin da ruwan rijiyar burtsatse ya yi wa ƙasusuwa da haƙoran ɗaruruwan yara a Tibiri. Duk wanda ya zuba irin waɗannan ba gwaji yana iya yin gudun gara ya tadda zago.

Ka tambayi dillalin nan: daga ina? Maradi ba ta da masana'antar narka tama, ba ta da ta alminiyom. Tashar da ke ƙona kwal don wutar lantarki tana Anu Araren, can wajen Cirozerin a jihar Agadas, ɗaruruwan kilomitoci daga nan. Siminti kuma a Malbaza ake yi. Kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa kayan su yi tsada. In wani ya ce zai kawo maka da araha, akwai alamar biyansa aka yi ya zubar, kai kuma ya mayar da garkarka bola. Afirka ta sha wannan: gangunan guba daga Italiya a garin Koko na Najeriya a 1988, dattin jirgin ruwa da aka zubar a unguwannin Abijan a 2006. Saboda irin abin da ya faru a Koko ƙasashenmu suka ƙulla yarjejeniyar Bamako a 1991, wadda ta hana shigo da datti mai haɗari. In ba zai nuna maka sunan masana'antar da takardar gwajin kayan ba, ka sallame shi cikin mutunci.

Akwai wani lissafi kuma da ba a cika yi ba. A gwaje-gwajen da ake bugawa, akan gauraya kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na nauyin ƙasa. Hekta guda, zurfin santimita 20, nauyinta kusan tan 3,000 ne. Kashi 1 cikin ɗari tan 30 ke nan, kashi 5 kuwa tan 150. Fili mai mita 10 a tsawo da 10 a faɗi, kashi 1 kilo 300 ne, buhu shida masu kilo 50. Kuma waɗannan alƙaluma ba a kan ƙasarmu aka fitar da su ba. Jigawar Maradi kusan duk rairayi ce, ba laka, ba ruɓaɓɓen ganye, ba ta da abin da za ta tare kaifin toka. Adadin da ƙasar Turai mai laka za ta shanye ba ta ji ba, a jigawa yana iya harba ma'aunin ya wuce 8 ko 9. A nan shuka za ta kasa samun ƙarfe da tutiyar da take buƙata, ganye ya yi rawaya, in abin ya yi tsanani ma dalmar kanta tana sake narkewa, domin kaifi mai yawa yana kwance ta kamar yadda tsami ke yi. Fadama ta fi haƙuri, amma ita sau da yawa ba ta da tsamin da za a kashe tun farko, don haka toka ba ta da aikin yi a cikinta. Kuma ko da wasa kada ka zuba kanwa saboda misalin miyar da na kawo. Gishirin cikinta yana kashe ƙasa, ya mayar da ita fako mai hana ruwa shiga.

Abin da na fi yarda da shi a wurinmu shi ne ragowar sana'o'in da ke bakin ƙofarmu, waɗanda muka san asalinsu. Ƙashi daga mahauta da mayanka shi ne na farko. A ƙona shi cikin rufaffen gwangwani ko ganga har ya yi baƙi, a daka, a tankaɗe. Yana ɗaure dalma, yana kama kadmiyom, kuma yana ba ƙasa fosfat, wanda dama shi ne abin da ƙasarmu ta fi rashi. Dutsen fosfat na Tawa ma zai iya wannan aiki a ƙasa mai tsami, in an auna shi an tabbatar bai ɗauko kadmiyom mai yawa ba. Na biyu ɓawon gyaɗa. Garin nan gyaɗa ce ta gina shi, ɓawonta yana nan tuli a wurin masu ɓarza da masu mai. In aka mayar da shi gawayi, wato a ƙona shi ba tare da iska ta wadace shi ba a kashe kafin ya zama toka, yana riƙe ruwa a rairayi, yana rage tsami a hankali, yana kama ƙarafa. Ban ce a taɓa karan hatsi ba, dabbobi da darni sun fi buƙatarsa. Na uku tokar itace ta gidan burodi, kaɗan-kaɗan, in dai ba katako mai fenti, tayu ko roba suke ƙonawa ba. Farin dagwalon da masu walda ke zubarwa daga tukunyar gas ɗinsu shi ma farar ƙasa ce mai ƙarfi, amma kaifinta ya yi yawa, sai an bar ta ta sha iska ta bushe, kuma da awo. Garin baƙin ƙarfe daga maƙera yana da amfani inda arsenik ko kurom yake, muddin babu mai ko fenti a jikinsa.

Kada ka yi wa garkar duka a tashi ɗaya. Ka ware fangali huɗu: ɗaya ba komai, ɗaya ƙashi, ɗaya gawayi da taki, ɗaya duka a haɗe. A gauraya sosai har zurfin saiwa, a riƙa ba shi ruwa wata guda zuwa biyu kafin shuka, domin haɗuwar dalma da fosfat tana son laima da lokaci. Ka shuka salati a duka huɗun, ka kai ganyen a auna. Ganyen ne alƙali, ba kyawun shukar a ido ba, domin salati yakan yi kore shar alhali yana ɗauke da kadmiyom. Sannan a riƙa duba pH kowace shekara ko biyu. Ruwan damina da takin zamani irin yuriya suna mayar da tsami sannu a hankali, kuma da tsami ya dawo, abin da toka ta ɗaure yana kwancewa.

Kafin sakamako ya fito, akwai abin da za ka yi ba ko dala. Ka matsar da ganye da karas nesa da kusurwar gabas, ka sa tumatir, tattasai ko kuɓewa a fangalin da ke kusa, domin ƴaƴan shuka sun fi ganye da saiwa tsira daga ƙarafan nan. A wanke ganye da ruwa mai yawa kafin a kai kasuwa, saboda yawancin dalmar da ake samu a jikinsa ƙura ce ta manne, ba daga saiwa ta hau ba. A lokacin hunturu da iskar bazara kada ka bar ƙasa tsirara, ka rufe ta da ciyawa ko ɓawo. In ka shuka jema a jere tsakanin kusurwar da sauran garkar, saiwarta za ta riƙe ƙasa ta hana ruwa jawo ta, amma kada a yanka a ba dabbobi, kada kuma a ƙona a mayar da tokar garka. Takin bola kuwa, in dole sai an saye shi, a tankaɗe shi a tsince batura da tarkacen lantarki kafin a watsa, na garken dabbobi ya fi shi aminci.

Samarin nan da suka tashi, wani wuri suka koma, kuma da yadda sola ke yaɗuwa batura sai ƙaruwa suke. In ka san inda suke, ka je ka same su, ka haɗa da mai unguwa. Ba faɗa za ka yi da su ba, neman abinci suke, kuma su ne farkon waɗanda dalmar ke ci, su da matansu masu wanke musu tufafi. Ka faɗa musu abin da ya faru a Caroy da Bagega, ka nuna musu kusurwar garkarka. Da sakamakon gwaji ya fito, ka aiko mini da alƙaluman, da ko ƙasar jigawa ce ko fadama, da zurfin rijiyarka, sai mu fitar da adadin buhunan da kowane fangali zai ɗauka.